Huda Biyu a Kan 'Yar Farina

'Yan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ni ranar da ƙafafuna suka ƙi riƙe ni. Na sa shaidata a takarda ne domin sau biyu ina gwada faɗinta da ka a taronmu, kuka yana cinye rabi.

Da ƙarar moɗa abin ya fara. Ƙwal, ta bugi bakin randa ta faɗi ƙasa. Ina tankaɗe a ƙofar ɗakina da hantsi. 'Yata ta fari ce, mai shekara tara, ta zo shan ruwa. Ta sunkuya ta ɗauka da hannun dama, moɗar ta sake suɓucewa. Sai ta ɗauka da hagu ta sha.

Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta hango daga rumfa ta ce, "Rahila, da hagu? Sai ka ce ba a gidan mutane kika tashi ba."

Ni ban ce uffan ba. Shirun nan shi ne laifin da na zo in faɗa a gabanku.

Kun san al'adarmu. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki a gaban mutane. Tun da aka yaye yarinyar Inna ta ɗauke ta, a ɗakinta take kwana, ko da yake gida ɗaya muke a Dungas, darni ne kawai tsakani. Kakarta take kira Inna, ni kuwa Yaya take ce mini. In zan aike ta sai in ce "ke", ko "'yar Inna". Na yi koleji shekara huɗu a Damagaram, ina karanta Maganar Allah kowace safiya, amma ban taɓa tambayar kaina inda kunyar nan ya kamata ta tsaya ba. Har taƙama nake da ita. Mai gidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mushe ake ce masa, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, mata kuwa suna cewa, "Matar Mushe ta yi boko, amma ba ta zubar da kunya ba." Yabon nan ya fi mini zuma daɗi.

Sai dai baki ne ke kunya, ido ba ya yi. Komai ina gani.

Sati biyar kafin ranar moɗa, Inna ta sa ta shiga rumbu ta miƙo gero. Wajen fitowa ƙafarta ta zame, kanta ya daki dutsen da rumbun ke zaune a kai. Gefen hagu, sama da kunne. Ba jini, ba kuka, ta miƙe tana murza wurin. Na yi taku biyu zuwa gare ta, sai na ga maƙwabta zaune tare da Inna, na karkata kamar kaza nake kora. Inna ta ba rumbun baya, ƙarar kawai ta ji. Ta ce, "Kin ji ciwo?" Yarinyar ta ce a'a. Magana ta mutu.

Bayan ranar moɗa abubuwa suka riƙa biyo juna. Ciwon kai. Amai da safe. Barci da rana tsaka, ita da ba ta zama wuri ɗaya. In na share tsakar gida ta wuce, sai in ga sawunta a rairayi: na hagu cif, na dama da ja, kamar an ja kara. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɗakin shan maganin Dungas, ya ce zazzaɓi ne, ya ba da ƙwayoyi. Inna ta kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya. Maƙwabta suka fara raɗa cewa iska ce.

Na ce wa Mushe yarinyar nan ba ta da lafiya, amma zancen rumbu ban yi ba. In na faɗa, kamar na ce Inna ta yi sakaci ne da riƙon da aka ba ta. Kuma kowa zai gane ashe idona na kan 'yar fari. Raina ya haɗa faɗuwar da ciwon, ni na raba su da ƙarfi, na ce ai sati biyar ya yi nisa.

Wata safiya Inna ta tashe ta, ta ƙi tashi. Tana numfashi, in an girgiza ta sai ta yi nishi ta koma. Muka samu kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, zuwa Magariya. Likitan can ya ɗaga fatar idonta ɗaya, ya ɗaga ɗayan, bai ko zauna ba ya rubuta takarda ya ce mu wuce Damagaram yanzu yanzu. A cinyar Inna ta yi tafiyar duka. Ni ina gefe, riƙe da ƙullin kaya.

Kafin la'asar muna babban asibiti. Likitan Bature ne dogo, mai aikin fiɗa, tare da wani majo Badamagare mai yi masa tafinta. Aka ɗauki hoton kai. Ya haska ƙaramar fitila a idanunta, ya ɗaga hannunta na dama ya saki, ya faɗi kamar tsumma. Sai ya juya ga Mushe da Faransanci, ni kuwa ina bakin ƙofa ina jin kowace kalma.

Ya ce wani abu ne ke danne ƙwaƙwalwa daga gefen hagu. Hoton da aka ɗauka ƙashi kawai yake nunawa, ƙashin kuwa lafiya. Ya ce ya karanta cewa a ƙasashensu an fara aiki da wata sabuwar na'ura mai ganin cikin kai ba tare da an buɗe ba, amma ko can sai manyan birane ƙalilan, nan ba shi da komai sai ido da tambaya. In ƙari ne ya fito a ciki, hannunsa ba zai iya ba, buɗewa ma ƙara wahala ce. In kuwa jini ne ya taru a hankali bayan buguwa, zai iya huda ƙoƙon kai ya zubar da shi, amma sai yau, don ba ya jin za ta kai jibi.

Huda ƙoƙon kai!

Majo ya juya ga Inna ya ce, "Tsohuwa, likita ya ce za a ɗan duba kan."

Inna ta ce, "Kai majo, Bature ya yi magana tsawon igiyar guga, ka yanko mini taƙi ɗaya. Ina sauran?"

Majo ya sosa ƙeya, ya faɗa mata sauran.

Inna ta ce, "A huda? Kan mutum duma ne da za a fafe? Wanda aka fasa wa kai ai makara ake nema masa. Ku ba ni jikata in kai ta gida ta cika a ɗakina."

Likita ya ce a tambaye mu abu ɗaya: ta taɓa buguwa a kai cikin watannin nan? Mushe ya ce bai sani ba. Inna ta ce, "A hannuna take dare da rana. Ko ƙwarzane babu." Ba ƙarya ta yi ba, Allah ya sani, ta manta ne, don ba ta gani ba.

Likita ya ajiye alƙalami. Na ga fuskarsa ta mutumin da ya fara janye hannu. Sai ya nuna ni da haɓa ya ce wa Mushe, "Waccan ta bakin ƙofa fa, maƙwabciya ce?"

Mushe ya ce, "Uwarta ce."

Kallon da Baturen nan ya yi mini, har gobe ina jin sa a jikina. Ba faɗa a ciki, mamaki ne zalla. Na fita da sauri, na zagaya bayan ɗakin, na durƙusa gindin wata bishiyar dogon yaro.

Ban yi addu'a mai tsari ba. Cewa na yi, "Yesu, ka ga abin da na zama. Na fi tsoron bakin mata da rasa 'yata. Ka ba ni ita, na ɓoye ƙaunarta kamar kayan sata. Na ga faɗuwarta na kori kaza. Ka gafarta mini, ka buɗe bakin nan, ko da ba za a sake yabona a Dungas ba." Ban ji murya daga sama ba. Sai dai na ga kaina a tsaye ina komawa.

Da Faransanci zan iya faɗa wa likita a taƙaice, Inna ba ta ji ba. Na ga wannan ma wata ɓuya ce. Na durƙusa gabanta na ce da Hausa, "Inna, ki gafarce ni, zan yi rashin kunya."

Na faɗi komai, majo yana juyawa. Ranar rumbu, da dutsen, da gefen da ya bugu. Ranar moɗa. Safiyar da amai ya fara. Sawun ƙafar dama. Ranar da ta nemi cewa "tsintsiya" kalmar ta ɓace mata, ta nuna da yatsa. Likita ya ɗauki alƙalaminsa yana rubutu da sauri, yana cewa a tambaye ni kaza, ina ba shi amsa kafin majo ya gama.

Inna ta riƙe baki. Can ta ce, "Rumbu. Ni na aike ta." Ta dube ni ta daɗe. "Duk wannan kina gani, 'yar nan? Kina gani kina haɗiyewa?"

Na ce, "Ina gani, Inna."

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Majo, ce masa ya huda."

Mushe ya sa hannu a takarda. Aka aske kitson da Inna ta yi mata da hannunta, tsohuwar ta tsince gashin ta ƙulle a gefen zani. Aka tura gadon, ƙofa ta rufe. Inna, da yake Musulma ce, tana jan carbi, ni ina kiran sunan Yesu, kafaɗarmu na gugar juna a benci ɗaya.

Kafin rana ta faɗi majo ya fito da wani ƙaramin kwano ya nuna mana. Ban taɓa ganin jini irin wannan ba, baƙi ƙirin, kamar tsohon man mota. Ya ce huda biyu aka yi, kowace ba ta wuce faɗin dala, kuɗin ƙarfen nan, ba, kuma ana huda ta farko ya yi tsartuwa. Mushe ya tambayi da me aka huda. Majo ya ce, "Da abin juyawa da hannu, ɗan'uwan na kafinta, sai dai namu ya fi tsabta." Mushe, mutumin da yara sittin ke tsoro, ya sulale ya zauna a ƙasa.

Wannan abin yana cikin kan 'yata sati da sati, ina kallo ina tankaɗe!

Washegari da hantsi ba ta farka ba. Kai naɗe da farin ƙyalle, ɗan siririn roba na fitowa daga ciki. Likita ya ce aikin hannu ya ƙare, yanzu a riƙa kiranta da sunanta, da muryar da ta sani. Mushe ya kira. Inna ta kira, har da tsiya: "Rahila, tashi, ragguwa, wa zai cika mini buta?" Shiru.

Inna ta dube ni. Ta ɗauki butarta ta ce, "Bari in yi alwala." Ba lokacin wata salla ba ne. A bakin ƙofa ta ce wa ɗanta, "Kai ma zo ka nuna mini famfo, ka tsaya kamar turke."

Suka bar ni da ita. Na kama hannun damanta, wanda ya mutu ɗin. Shekara tara sunan nan yana cikina, bai taɓa bi ta harshena ba. Na farko iska ce kawai ta fito. Na biyu ya fito a karye. Na uku na ce, "Rahila." Sai yatsunta suka lanƙwaso a hankali suka riƙe ɗan yatsana. Kafin azahar ta buɗe ido.

Sati uku muka yi a Damagaram. Yau ga ta can ta koma lakwal. Gashi ya rufe wurin, sai in an shafa ake jin ɗan lotsawa biyu. Hannun bai gama saurin rubutu ba, amma yana riƙe alƙalami. Na gode wa Ubangiji da ya ba ɗan Adam sani har ya taɓa cikin kai mai shi ya tashi. Na gode masa da ya ba ni suruka mai zuciya. Na gode masa da bai biya ni gwargwadon shiruna ba.

'Yan'uwa, ban ce ku zubar da kunya ba, ado ce. Amma yaron da ya bugu a kai, ko ya tashi yana dariya, ku sa masa ido, in kun ga barci ko amai ko hannu ya saki, ku faɗa, ku kai shi, ko ɗan fari ne, ko gaban wa kuke. Ku dogara ga Yesu. Wanda ya buɗe bakin mace irina, ba ƙofar da za ta gagare shi.

Kwana uku bayan aikin ne maganarta ta dawo sosai. Ina ba ta kunu da cokali, Inna na zaune a ƙarshen gado tana gyangyaɗi, ko tana yin kamar tana yi. Yarinyar ta kau da cokalin ta ce, "Yaya, ran nan wa ya kira ni?"

Na ce, "Ni ce."

Ta leƙa Inna, ta dawo da ido kaina, ta rage murya.

"To, sake, in ji da kyau. Lokacin ina barci."