Rabin Goro a Ƙofar Ɗakin Hoto

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya gabanku yau. Ni ce Saratu, mai man gyaɗa da ƙuliƙuli ta Bande. Wanda ya san ni ya san bakina ba ya rabuwa da goro. To, a kan goron nan zan yi magana, kuma ba yabon kaina na zo yi ba.

Tun ina amarya nake cin goro. In na tashi ban tauna ba, kaina sara yake yi, ko gaisuwa ba na amsawa da daɗin rai. Kullum akwai biyu ko uku ɗaure a bakin zanena.

Bara, bayan kaka, ina tsakiyar matse tunkuza sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Na zauna, ya wuce. Bayan kwana biyu ya dawo. Ɗiyata Rifkatu, mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, ta ɗauke ni sai Damagaram. Likita ya ce wataƙila jini ba ya isa zuciyata yadda ya kamata, amma ba za a tabbatar ba sai an yi wani hoto a Yamai. Aka ba mu rana, aka ja mana kunne: kwana guda cur kafin hoton, ba kafe, ba shayi, ba goro.

Da muka sauka Yamai, Rifkatu da hannunta ta kwance bakin zanena ta kwashe abin da ke ciki. Na yini ina jin haushinta, amma na daure.

Ranar hoton ta bar ni a kan benci ta tafi kai takardu. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ji ina mita ni kaɗai, sai ta juyo.

"Baiwar Allah, wannan Hausa ta gida ce. Daga ina?"

Na ce Bande. Ta ce ita daga Guci, mijinta ta rako. Kai, muka gaisa kamar uwarmu ɗaya! Sai ta fito da farin goro, ta ɓara, ta miƙo mini rabi.

Kun san mu. Mutumin gida ya ɓara goro da ke a baƙon wuri, ki ce a'a? Haka na gaya wa kaina. Amma gaskiya a gaban Allah, ba kunyar tsohuwar ce ta kama ni ba, kwaɗayi ne. Na ce ai rabi ne, kuma fari ne, ba zai nuna a baki ba. Na tauna, na haɗiye, na kurkure.

A ciki malamar asibiti ta tambaye ni, "Inna, ba ki sha komai ba, ba ki ci goro ba?" Na ce ko kusa. Ta ce allurar da za a yi mini tana buɗe hanyoyin jinin zuciya kamar na yi gudu, zan iya jin zafi da nauyin ƙirji, kada in tsorata. Aka yi. Ban ji komai ba. Har na ce a raina, ashe da sauran ƙarfina.

Da aka kira mu, likita ya ce bai ga abin damuwa a hoton ba, ya ba mu takardar sakamako. Rifkatu ta fashe da kukan murna. Muka fita ƙarƙashin wata bishiya, ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, yi mana addu'ar godiya."

Na rufe ido na ce, "Ya Ubangiji Yesu..." Sai maganar ta tsaya. Ɗanɗanon goron nan yana nan a harshena. Da wane baki zan gode? Na sake farawa, na kasa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ka gafarta mini, na yi ƙarya."

Rifkatu ta saki hannuna. Da na gaya mata, ta ce, "Haba Inna! Tun daga Bande har nan, saboda rabin goro?" Ban taɓa jin kunya gaban abin da na haifa kamar ranar ba.

Muka koma. Likitan bai yi faɗa ba, ya dai cire tabarau ya dube ni. Ya ce abin da ke cikin kafe shi ke cikin goro, kuma yana tare aikin allurar. In hanyoyin jini ba su buɗe ba, mai lafiya da mai matsewa duk kama ɗaya suke yi a hoto. Ya ce in dawo bayan kwana biyu, baki a wanke.

Karo na biyu, wayyo, na ji allurar! Zufa, nauyi, numfashi sama-sama. Hoton ya nuna hanya ɗaya ta matse ƙwarai, wani ɓangaren zuciyata ba ya samun isasshen jini in na yi aikin ƙarfi. Aka ɗora ni kan magani, aka hana ni matse tunkuza. Da na tafi gida da takardar farko, da na koma bakin kaskona ina cewa Allah ya warkar da ni.

Abin nan nake ta juyawa a raina har yau. Na je Yamai ina roƙon a ce mini lafiyata ƙalau, aka kuwa ce. Ashe ba daga ciwon kaɗai nake bukatar ceto ba, har da labarin daɗin da na saya da ƙaryata.

Goro kam na bari. Likita bai ce har abada ba, ni na ce. In an miƙo mini a wurin suna, ina karɓa da hannu biyu in yi godiya, in kai wa maƙwabciyata. Kwaɗayin bai mutu ba, kada in sake yi muku ƙarya.

Ga takardun nan biyu, kullum suna cikin jakar da nake zuwa sujada da ita. Wannan ta ce ba ni da komai, wannan ta ce ina da ciwo, kuma ta biyun nake gode wa Allah a kanta. Ƴan'uwa, in kun buɗe baki za ku yi addu'a ta ƙi fita, kada ku tilasta ta. Ku tsaya ku ji abin da ya tare ta, ku dogara ga Yesu ku faɗi gaskiya. Ni da ya bar ni na ƙarasa godiyar nan a ƙarƙashin bishiya, da yau wani ne ke ba ku labarina. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.