Wendell Friesen, Mai Riƙe Mana Igiya

Fasto Duane Unruh, mai girma magajiyar gari, shugaban ƙungiyarmu ta masu jirage marasa inji, abokan aikin marigayi na kwana-kwana, uwargida Marlys, Jolene da maigidanki, dangi da maƙwabta, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Sunana Arlo Dirksen. Ni ne direban a-kori-kurar da ke jan jirage da igiya har su ɗaga sama a filin nan, kuma shekaru da yawa Wendell ne yake zaune a bayan motar, riƙe da igiya.

Ya kasance manomin alkama kamar yawancinmu a nan Kansas. Ya kasance ɗan kwana-kwana na sa kai, wanda in wuta ta kama gonar wani lokacin girbi, yakan bar tasa ya tafi. Ya kasance mutumin da ya yanki gefen gonarsa ya shuka ciyawa, ya ce mu zo mu riƙa tashi, bai taɓa sa ƙofa a wurin ba.

Mun tuna ranar da ya fito da jirgin da shi da 'yarsa Jolene suka yi shekaru suna haɗawa a babban rumbun ajiye kayan gonarsa. Fiffike ne kawai da wurin zama, mutum biyu sun ɗauke shi. Marlys ta zo da kofi, ta zagaya shi, ta ce, "Wendell, ina sauran?"

Ya ce, "Shi ke nan duka."

Ta ce, "To ka manta wutsiya. A wannan jemagen za ka sa mini 'ya?"

Tun daga ranar Jemage ya zama sunan jirgin.

Abu mara nauyi irin wannan, ko a ƙasa yake, iska tana iya ɗauke shi ta kifar. Don haka Wendell ya koya mana: a juya hancinsa ga iska, mutum ɗaya ya riƙe fiffiken da iska ke bugowa, kada a saki sai an ɗaure. Ya sha tsawata mini. "Arlo, hira ka zo yi ko riƙo? Hannu biyu!" Mukan yi masa tsiya cewa ya fi uwar jariri tsoro. Sai ya yi dariya ya sake duba ƙullin.

Ranar da Jolene za ta fara tashi da Jemage, ina tuƙi, shi yana baya, hannunsa a kan ƙarfen da ke tsinke igiya. Jirgin ya ɗaga lafiya, bai wuce tsayin rumbu ba sai iska ta bugo daga gefe. Ya karkata, ya fara bauɗewa daga bayan motar. Masu tashi a cikinmu sun san wannan: in jirgi ya bauɗe yana ɗaure, igiyar da ke ɗaga shi ita ce za ta fizgo shi ƙasa. Muka ji muryar Jolene a rediyo, "Baba, bar ni, zan gyara!"

Wendell ya ja ƙarfen, igiya ta tsinke.

Ta sauka cikin alkama da ƙarfi, fiffiken hagu ya karye gida biyu. Muka ruga. Muka same ta tsaye, ko ƙwarzane babu, tana kuka don fushi.

Ta ce, "Da na gyara shi! Ka ɓata mana aikin shekaru!"

Ya ce, "Wataƙila da kin gyara."

"To me ya sa?"

Ya ce, "Ban iya jira in gani ba, 'yar nan."

Ta yi makonni ba ta yi masa magana sai gaisuwa. Bai kare kansa ba, bai je neman wanda zai ce ya yi daidai ba. Ya kwashe tarkacen ya kai rumbu, ya fara aiki shi kaɗai. Marlys ta gaya mini wata safiya ta leƙa da kofi, ta tarar da shi da Jolene suna goge katako tare. Jemage ya sake tashi bayan girbi na biyu.

Ya kasance mai son tashi, amma sau nawa kuka gan shi a sama? Kullum sai ya ce, "Ku hau, ni zan riƙe igiya." Mu muka ga gari daga sama, shi yana shan ƙura a bayan mota.

Bara, da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya ce a kawo shi fili. Muka ɗora shi a wurinsa a bayan mota, Jolene tana cikin jirgi tana jira. Ya kama ƙarfen, ya gwada ja, ya sake gwadawa, ƙarfen bai motsa ba. Babu wanda ya lura sai ni. Shi da kansa ya ɗaga murya ya ce, "Hannuna ba zai iya ba. Ku sauke ni, a sa wani." Muka ajiye masa kujera a bakin fili. Da Jolene ta kai sama ta saki igiya da kanta, sai ya ɗaga mata hula, ya daɗe bai mayar ba.

Marlys, 'yar'uwa, kin ba mu aron mijinki kowace Asabar, ba ki taɓa nuna mana gajiya ba. Ba za mu bar ki ke kaɗai da girbin bana ba. Jolene, mahaifinki bai taɓa shakkar iyawarki ba. Ya gaya mini kin fi mu duka, ya kuma ce kada in faɗa miki don kada kanki ya kumbura. Yau na faɗa.

Mun gode wa matan coci da suka yi girki, da duk wanda ya yi doguwar tafiya ya zo.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Wendell, ka ba shi hutu. Ka riƙe Marlys da Jolene a kwanakin da ke tafe. Mu kuma da muka rage, ka kai kowa gida lafiya. Amin.