Yadda na mayar wa Mama shekarunta goma sha biyu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Ga waɗanda suka fara zuwa yau, sunana Rifkatu, nas ce ni, shekarata tara ina aiki a wani asibiti can wajen unguwar Shumaisi a birnin nan. Ku matso kusa, kun san a falon nan ba ma ɗaga murya, abin da zan faɗa kuma ba mai daɗi ba ne. Wasunku sun riga sun ji rabinsa a bakin 'yan kai-kawo. To, yau ku ji shi daga bakin mai shi.

Kun san ni da baki. Ba na ɗaukar raini, kuma in na fara faɗa sai na ga ƙarshensa. Da ina kiran wannan tsayawa kan gaskiya.

Bara wana, Yaya Ishaku, ya kira ni daga gida. Ya ce Mama ta taka ƙaya a gona, ciwon ya ƙi warkewa, har ya fara wari. Mama tana da ciwon suga. Da ya turo min hoton ƙafar sai na gane irin wannan ciwon, na kuma san inda yake ƙarewa in aka yi sakaci. Yanke ƙafa ake yi.

A daidai lokacin ne kuma kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ya ƙi sabunta mana iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Kullum bukra, bukra, wato gobe, gobe. Kun san abin da ke biyo baya: banki ya rufe asusuna, fita ƙasar kuma babu hali. Ga ni kullum ina wanke ƙafafun iyayen wasu, ƙafar uwata tana ruɓewa a ƙauye, ko audugar wanke ciwo ba zan iya aika mata ba. Girman kai kuma ya hana ni in faɗa muku.

Sai Yaya ya ce akwai mafita. Gwamnatin jiharmu tana da inshorar lafiya ta tsofaffi, daga shekara sittin da biyar zuwa sama. Za ka je ƙaramin asibitin mazaɓarku da katin ɗan ƙasa, a ɗauki hoto da zanen yatsa, a sa sunanka ba tare da ka biya komai ba. In kati ya fito, can za ka fara ganin likita, in abin ya fi ƙarfinsu su ba ka takarda zuwa babban asibiti. Mama kuwa shekararta sittin da tara. Na ce masa me kake jira?

Ya ɗora ta a mashin, ƙafa a naɗe da tsumma, suka bi layi tun safe. Da aka zo kansu, matar da ke rajista ta sa lambar katin, ta dubi Mama, ta dubi na'ura. Ta ce wa Yaya, "Baba, ni ma da idona na ga tsohuwa ce. Amma na'ura ba ta ganin furfura. A nan shekararta hamsin da bakwai, ba ta kai ba."

Da labari ya iso ni sai na hau sama. Na karɓi lambar matar na kira ta, ko gaisuwa babu. Na ce cin hanci take nema, na ce ire-irensu ne suka kashe ƙasa, na ce in uwata ta rasa ƙafa ita ma sai ta ja gindi a ƙasa kafin ta mutu. Haka na faɗa, ba zan gyara muku shi ba. Ta bari har na gama, sannan ta ce, "Hajiya, ba ni na rubuta shekarun ba. Ku nemi wanda ya rubuta." Na kashe waya a kunnenta.

Na juya kan Yaya. Mutumin da ya bar gonarsa yana jinya, shi na ce wa ba shi da amfani, ƙato guda ya kasa tsaya wa uwarsa a gaban mace ɗaya. Ya ce, "Rifkatu, ni ne fa Ishaku." Na ce to, sai me? Mako biyu bai ƙara ɗaga wayata ba, ta wajen matarsa nake jin yadda baƙin ciwon yake hawa daga yatsa zuwa yatsa.

Har Allah ban bari ba. Na ce masa na bar ƙasata ina bauta maka a ɓoye a garin mutane, sakamakon ke nan?

Wata rana da azahar, ɓangarenmu ya yi tsit, na shiga ɗakin ajiye kayan wanke ciwo na rufe ƙofa na durƙusa. Ba addu'ar tuba na je yi ba, ƙara na kai. Na ce, "Ubangiji, duk wanda ya tsaya tsakanin uwata da magani, ka tona asirinsa a gaban jama'a, kada ka raga masa." Na faɗa sau biyu. A na uku harshena ya ƙi juyawa.

Ba murya na ji ba, ba wahayi na gani ba. Kaina kawai na gani, shekara biyar baya, a tsaye gaban teburin yin katin ɗan ƙasa.

A lokacin za a yi min aiki a ciki, ba ni da kowa a nan, ina so Mama ta zo ta zauna da ni da bizar ziyara. Ba ta da kati, ba ta da fasfo, a gida aka haife ta. Wani dillalin biza, wanda har yau yake yawo a unguwar Dira yana shafa wa mutane mai a baki, ya ce min inshorar baƙi ta tsofaffi tsada gare ta, in rage mata shekaru tun daga tushe. Da na je gida hutu na kai ta da kaina. Aka tambayi shekarar haihuwa, na buɗe bakin nan nawa na zaftare goma sha biyu. Har daɗi na ji, ina ganin na yi wayo.

Kada wani ya ce na manta ne. Ban manta ba. Tun ranar da Yaya ya ce hamsin da bakwai na san ko waye, shi ya sa na yi ta hayaniya don kada a ji. Wayyo ni! A kan tayil ɗin nan na yi kukan da ban taɓa yi ba, na ce, "Yesu, ga wadda ka tona nan. Ka yi min jinƙai, ka bar wa uwata ƙafarta."

A ranar na aika wa Yaya saƙon murya na faɗi komai. Amsarsa gajeriya ce: "Bisa katin nan, Mama ta haife ni tana da shekara tara. Kin kyauta." Na haɗiye, domin na cancanci fiye da haka.

Gyara ƙarya ya fi yin ta wahala. Fastonmu na gida ya tono tsohon littafin ɗaurin aure na ikkilisiya, wanda gara ta ci gefensa, ya nemo shafin auren Mama da Baba. Aka kai ta kotu ta yi rantsuwar shekaru. Ni kuma na rubuta takarda da hannuna cewa ni na ba da shekarar ƙarya, na sa suna. Aka kai ofishin kati, aka jira makonni. Bayan an gyara aka koma wurin matar nan da na zaga, ta yi rajistar. Sai kuma jiran kati ya fara aiki, domin ba a ranar rajista ake fara ba da magani ba. Duk tsawon wannan lokaci kuɗin awakin da Yaya ya sayar da gudummawar zumuntar matan ikkilisiya ne suka riƙe wankin ciwon.

Da kati ya fito, ƙaramin asibiti suka ba da takarda, babban asibiti suka karɓe ta. Sun cire yatsu biyu. Ƙafar kuwa tana nan, Mama tana takawa zuwa sujada da sandarta, kowane wata kuma tana karɓar maganin suga da katinta. Yabo ga Ubangiji!

Ina ganin wasu suna sunkuyar da kai. Ku ɗago. Na san akwai wadda a fasfo ƙanenta ya girme ta, akwai wanda in aka bi takarda yana da shekara huɗu ya gama firamare. Muna kiran abin dabara, har mu tashi mu yi shaida cewa Allah ne ya buɗe hanya. Ba shi ba ne, kada ku shafa masa. Ku dogara gare shi da shekarunku na gaskiya, ya isa ya ciyar da ku da su. Kuma ku duba katunan tsofaffinku tun suna tafiya da ƙafafunsu.

Mama ce ta ƙarshe da na iya fuskanta. Bayan an sallame ta na kira, na ce, "Mama, ni ce na rage miki shekaru. Ni na jawo miki wannan."

Ta ce, "Ai na sani. Karatu ne ban yi ba, kunnena lafiya lau. Ina tsaye a bayanki kika faɗa musu."

Na ce, "To Mama, duk watannin nan kina jin ina zagin Yaya, ƙafarki tana ruɓewa, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In faɗa wa wa? Ke fa 'yata ce. Na bar ki da Allah, na san zai same ki."

Ya same ni kuwa, a durƙushe, ina kai ƙarar kaina. Na gode masa da bai biya ni daidai da addu'ata ba. Ku taya ni godiya cikin sunan Yesu. Amin.