Na Dawo Kudan Hannu Rabbana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ranka ya daɗe Hakimi, shugaban wannan taro, Allah ya ja zamaninka. Dagacin Kudan da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Liman da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Baƙinmu na Makarfi da Ikara da Nasarawan Doya, iyayena maza, da iyayena mata masu saurare daga bayan danga, assalamu alaikum.

Ni ne Uwaisu ɗan Malam Jumare, wanda En'e, hukumar ƙasarmu, ta aika Ingila ya karanto aikin injiniya na hanyoyi da gadoji. Na gode da bijimin da aka yanka. Na gode wa Gambo maroƙi, wanda tun da na sauko daga mota yake kirana mai ɗaure rafi. Godiyar da ta fi nauyi kuwa ta samarin gari ce, waɗanda kowace damina suka yi gayya suka nome gonar tsohona da fadamarsa ta rake, don kada rashina ya zame masa yunwa.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganata ta farko ita ce, ban ci jarrabawar ƙarshe ba. Ba ni da digiri. Gambo, Allah ya ba ka haƙuri, ka saki kirarin nan, don ba nawa ba ne. Wallahi kunya nake ji, kunyar da ban taɓa jin irinta ba, ga nama a tukunya, ga jama'a sun baro aikinsu saboda ni.

Ta biyu, hakkinku ne ku san yadda aka yi. Da yawanku kuna nan ranar tafiyata, sa'ad da ake ta cewa ɗan da ya je ƙasar Nasara an yi asararsa. Baba ya miƙe a wannan fili ya ce, "In Uwaisu ya sha azumi ko ɗaya a can, ku cire ni daga sahun gaba." Na riƙe maganar nan shekara da shekaru. Bana sai jarrabawa ta faɗo cikin watan azumi, a lokacin da ranar ƙasarsu take ƙin faɗuwa, ka yi ta jiran magariba har ka gaji da jira. Ga shi kuma ciwon ƙirji ya kwantar da ni. Likita ya ce in ci abinci in sha magani. Wani dattijo Musulmi da muke salla tare ya ce mini, "Ɗana, Allah ya ɗauke wa marar lafiya. Ka sha, ka rama in ka warke."

Na san gaskiya ya faɗa, don a zauren Liman na koyi wannan hukunci tun ina yaro. Amma na ƙi. Ba tsoron Allah ya hana ni ba, jama'a, domin Allah ya riga ya ba ni sauƙi. Bakin Kudan na ji tsoro, Kudan da ke bayan teku, ba ta ganina, ba ta jina. Ranar jarrabawar gadoji na zauna, lissafi ya riƙa yawo a idona, ban farka ba sai a asibiti ana ɗura mini shayi, rana tsaka. Azumi ya tafi, jarrabawa ta tafi, ba tsuntsu ba tarko. Kada kowa ya ce azumi ya kayar da ni, kuma kada a ɗora wa Baba. Wautata ce.

Ta uku roƙo ne. Jami'a ta yarda in koma in maimaita shekara, En'e ma ta yarda, sau ɗaya tak. Amma Baba ƙarfinsa ya ƙare, ba shi da wani namiji sai ni. Da na gaya masa jiya, sai ya ce, "Ba ni da bakin sake roƙon mutane. Kai ka roƙa." Ga ni ina roƙo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon gayyar damina ɗaya a gonar Baba, ina roƙon ta daga mutanen da na riga na ci guminsu ban kawo musu komai ba. In kun ce in tafi, zan tafi in yi karatu kamar mai hankali. In kun ce ya isa, ba ku zalunce ni ba, gobe da safe za ku same ni a fadama. Abu ɗaya dai, kowace kuka zaɓa, ku bar tsohon nan a sahunsa.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ba mu damina mai albarka, ya saka wa samarinmu da alheri, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ina tsaye ina jiran amsarku. Na gode.