Ƙafar Osumanu da Keken Alhaji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Awudu. Mai martaba Sarkin Zango da 'yan majalisarsa. Limamanmu na Nima da na Maamobi. Alhazai masu manyan riguna da aka ba inuwa, da mu da aka bar wa rana. Iyayena mata da 'yan'uwana na kasuwar Makola da na kasuwar Nima. Samarin da suka ɗare katanga don kada kome ya wuce su. Wanda ya zo daga unguwar Madina a motar haya ta trotro, da wanda ya tsallako babbar kwata da ƙafarsa: ni Barikisu, magajiyar matan wannan ƙungiya, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya miƙa mini lasifika, ko da yake ya raɗa mini cewa in taƙaita. Malam Awudu, wanda ya ce wa 'yar kasuwa ta taƙaita, bai taɓa tsayawa ciniki da ita ba.

Jama'a, mun taru ne a kan sabon asusun taimako na ƙungiyarmu, kuma tun hantsi samarinmu biyu suke fafatawa a gabanku. Ɗaya ya ce sadaka tana kashe zuciya, a rufe asusun tun bai yi haƙori ba. Ɗayan ya ce a sayi kaya a raba ranar Sallah, a kira mai hoto, duniya ta shaida. Kowannensu ya yi Turanci har gumi ya karyo masa. Ni ban yi boko ba, amma ina da magana uku.

Magana ta farko. Duk wanda ya ce sadaka ba ta da amfani, ban san inda yake ba a shekarar tamanin da uku. Mu dai muna nan. Ruwa ya ƙi zuwa, gobara ta cinye gonaki, 'yan'uwanmu da aka koro daga Legas suka cika mana ɗakuna har da soro. Mun ga manyan mata ƙashin wuyansu ya fito kamar an rataya musu sarƙa. Masarar nan mai ruwan ɗorawa da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda a da ko kaji ba ma zuba wa, ita muka niƙa muka tuƙa, muka yi mata bismilla da ladabi. Sadaka ce. Kwanon da maƙwabciya ta turo ta bayan zana ba tare da ta ce uffan ba, shi ma sadaka ne. Da yawa daga cikin masu tafa wa saurayin nan na farko, da wannan kwanon suka ga shekara ta gaba. To, wannan magana ta ƙare, kada a sake tayar da ita.

Magana ta biyu ta fi tsawo, ku gyara zama. Labarin Osumanu ne, mai tura amalanke a kasuwar Agbogbloshie. Ga shi can baya yana neman ɓuya, amma Allah bai yi shi da jikin ɓuya ba. Labarin ya kuma shafi babanmu Alhaji Abubakari mai motocin albasa, wanda yake zaune a layin gaba. Na nemi izininsu su biyu. Alhaji ya ce in faɗa amma in rage gishiri. Alhaji, a yi haƙuri, hannuna ya saba.

Kun san Osumanu. Mutum ne da yake cicciɓar buhun albasa kamar mace ta ɗauki jaririnta. Wata rana ana sauke kaya daga babbar mota, buhuna suka zame suka rufto masa. Ƙafarsa ta karye, ƙarfen da ke riƙe tayoyin amalankensa shi ma ya karye. Aka kwaso shi zuwa gida, maɗori ya ɗora ƙafar, amalanken kuwa aka jingine shi a bayan ɗaki.

Nan Zango ya nuna halinsa, kuma ina alfahari da wannan hali. Kafin azahar kwanuka sun cika ƙofar ɗakin. Wannan ta kawo tuwo, waccan ta kawo shinkafa da wake, wata ta kawo farfesun ƙafar saniya, wai ƙafa ita ke gyara ƙafa. Matarsa Sanatu, mai koko da ƙosai a bakin titi, ta samu sukunin jinyar mijinta ba tare da tunanin tukunya ba. Wannan alheri ne tsantsa, Allah ya saka.

Sai dai ƙashi yakan warke, mu kuwa ba mu tambayi ƙashin ba. Damina ta wuce, maɗori ya kwance karansa, Osumanu ya fara takawa daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa bakin famfo. Kwanuka ba su daina zuwa ba, sai ma suka ƙaru, domin lamarin ya koma gasa. In Mariatu ta sa nama biyu, gobe maƙwabciyarta ta sa uku har da ƙwai. Duk wadda ta zo, Osumanu yakan ce mata, "Hajiya, na gode ƙwarai, amma ƙafa ta yi kyau yanzu. Da za a samu mai walda ya duba mini amalanke..."

Sai ta katse shi, "Ei, Osumanu! Amalanke kuma? Kwanta, kwanta! Allah ya sawwaƙe."

Ya faɗa wa mata, suka ce ya kwanta. Ya faɗa wa maza, suka ce ya yi tawakkali. Kowa ya zo da hannu cike, ba wanda ya zo da kunne.

Ana cikin haka labari ya kai ga Alhaji Abubakari cewa albasarsa ce ta karya mutum. Kun san Alhaji da tausayi, kun kuma san ba ya yin abu kaɗan. Bai aika a tambaya ba, bai leƙo ya gani ba, sai ya sa aka kawo masa keken guragu sabo fil daga ƙasar waje, ƙarfensa yana walƙiya kamar haƙorin Makka. Ran nan bayan sallar Juma'a sai ga Alhaji a ƙofar gidan, ga liman, ga maroƙi, ga mai hoto da akwatinsa, ga rabin Nima a bayansu.

A daidai lokacin Osumanu yana tsaye da ƙafafunsa biyu a bayan ɗaki, yana shafa wa amalankensa mai. Sanatu ta ruga ta same shi, ta ce, "Maigida, Alhaji ya zo da jama'a, ya kawo maka keke."

Ya ce, "Keke? Na hawa?"

Ta ce, "Na zama."

Jama'a, ku sa kanku a rigarsa. Babban mutum ya tako har ƙofarka, liman ya ɗaga hannu, maroƙi yana ta kirari, mai hoto ya riga ya durƙusa. Za ka fito kana taku ɗai-ɗai ka ce, "Alhaji, ka makara"? Osumanu ɗan halak ne, yana da kara. Ya lallaɓa ya koma ɗaki, ya ɗauki sandar da ya jima da yarwa, ya fito yana ɗingishi. Sanatu ta rantse mini cewa don ruɗewa da ƙafa mai lafiyar ya fara ɗingishin. Aka zaunar da shi, aka shafa fatiha, aka ɗauki hoto, aka kafa hoton a ofishin Alhaji.

Kuna dariya, ni ma na yi. Amma daga ranar nan Osumanu ya shiga kurkuku mai taya. In ya miƙe a gaban mutane, ya kunyata Alhaji, kuma duk wadda ta taɓa kawo kwano za ta ce an yaudare ta. In ya zauna, ya zama gurgu da ƙafa lafiyayya. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa allura ba, ya wayi gari in ya fito shan iska sai a jefa masa sadaka a cinya a wuce, ba a ko tsayawa gaisawa. Ya aika wa shugaban masu amalanke cewa yana son komawa aiki. Amsa ta dawo: "Mu ɗora wa gurgu kaya, Zango ya tsine mana? Ya huta. Wurinsa ma za mu ba wani." Ya yi ƙiba, ya daina dariya, ya daina zuwa hira. Abinci yana shiga, mutum yana fita.

Sanatu ce ta gaji. Wata safiya mai kawo mata gero bai zo ba, sai ta tsaya a kansa ta ce, "Maigida, ni namiji na aura, wanda in ya taho da kaya titi yake buɗe masa. Ban auri hoton ofishin Alhaji ba. Ko ka tashi yau, ko ni in zauna a keken ka tura ni gidanmu."

Ya ce, "Mutane fa?"

Ta ce, "Mutane sun ƙoshi da ladanka. Tashi."

Ya tashi. Amma da me zai yi aiki, amalanke a karye? Ya dubi keken, keken ya dube shi. Taya lafiyayyu, ƙarfe mai ƙwari, ga mariƙi biyu a baya kamar don hannunsa aka yi su. Ya tura shi fayau har Agbogbloshie, ya ɗora buhun geron Sanatu, ya samu mai albasa da ke neman a kai masa kaya kasuwar Nima, ya ɗora buhu a kan buhu, ya ɗaure da igiya, ya kamo hanya.

Wanda bai ga shigowarsa Nima ba ya yi asarar kallo. Albasa zaune a keken guragu kamar amarya, gurgun yana tura ta yana gumi yana murmushi. Direbobin trotro suka yi ta hon. Wata tsohuwa ta yi kabbara, ta ce karama ce. Wata kuma, ba zan faɗi sunanta ba don tana kallona yanzu, ta tare shi ta ce, "Osumanu, ka kyauta ke nan? Yanzu wa zan kai wa sadakata ta Juma'a?"

Sai ga motar Alhaji. Ya sa aka tsaya, ya fito, ya zagaya keken, ya dubi albasa, ya dubi ƙafa. 

Ya ce, "Osumanu, yaushe ka warke?"

"Tun kafin keke ya zo, Alhaji."

"To, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ba ka tambaye ni ba, Alhaji. Kuma mai hoto ya riga ya durƙusa."

A nan ne na san Alhaji Abubakari babba ne, ba don riga ba. Wani da ya yi fushi. Shi kuwa dariya ya yi har hularsa ta faɗi, sa'an nan ya ce, "To, yau na tambaya. Me kake so?" Osumanu ya ce mai walda. Kafin la'asar an gyara amalanken, kuma washegari Osumanu ya karɓi wurinsa a kasuwa.

Saura keken. Alhaji ya ce, "Wa ka sani da yake bukatarsa?" Osumanu ya kai shi wani lungu a Maamobi, inda mota ba ta shiga, inda mai hoto bai taɓa durƙusawa ba. A can suka tarar da Malam Iliasu, tsohon birkila, wanda shanyewar jiki ta kwantar tun kafin shekarar yunwa. Duk tsawon wannan lokaci bai ga sallar Juma'a ba. Duk tsawon lokacin da muke gasar nama a ƙofar mai lafiya, shi yana kwance yana jin kiran salla ta taga. Suka bar masa keken. Juma'ar da ta biyo, a sahun gaba ya yi salla, yana kuka, liman ma yana kuka.

Magana ta uku gajera ce, Malam Awudu, kwantar da hankalinka. Sadaka ba ta taɓa cutar kowa ba; sadakar da ba ta da kunne ita ce mai ɓarna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a rufe asusun nan, kada kuma a sayi ko tsinke da shi sai an taka an je, an zauna a tabarmar mutum, an ce masa, "Me kake so?", an kuma yi shiru har ya gama amsawa. A shiga lungu kafin a tsaya a bakin titi. Wanda ya ce ya warke, a yarda da shi, a taya shi murna, a nemi wani. Mai hoto kuwa, ɗanmu ne, ba ma so ya rasa sana'a: a kira shi ranar biki da ranar suna.

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa limamanmu lafiya. Allah ya kiyaye mu da yunwa irin wadda muka gani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na bakin titi da na cikin lungu. Allah ya ƙara wa alhazanmu buɗi, ya ƙara wa matan Zango auki a tukunya. Wanda zai karɓa, Allah ya bar masa mutuncinsa. Wanda zai bayar, Allah ya buɗe masa kunne kafin ya buɗe masa aljihu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, da ƙafarsa.

Na gode.