Hannun Da Ya Fito Tsakanin Shaame Da Faki

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, liman da dattawan gari, iyaye mata masu shanya kanumfari a kan tabarmi, matasa masu hawa reshen da mu ba ma iya hawa yanzu, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina gode wa ƙungiyarmu ta manoman kanumfari da ta ɗora mini buɗe wannan hoto, ko da yake, wallahi, tun da na leƙa bayan zanen da aka rufe shi, kaina bai dawo daidai ba.

Na farko, kun tuna ranar da Zuwena mai ɗaukar hoto ta tsallako daga tsibirin Unguja zuwa nan tsibirinmu na Pemba. Ta kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ta daidaita kan sandar har ƙwayar ruwan awo ta tsaya a tsakiya, ta ce mu zagaye ta, kowa da reshen kanumfari a hannu. Tana ɗauka tana juyawa, kowane hoto yana cin gefen na bayansa, domin daga baya manhajar kwamfuta ta ɗinke su su zama ɗaya. Wannan na fahimta, ko kuwa na zaci na fahimta.

Na biyu, kun san Shaame da ƙanensa Faki, uwa ɗaya uba ɗaya, sun yi shekaru ba sa ga maciji saboda bishiyar nan ta kan iyakar gonakinsu. Shaame ya tsaya a bakin ƙofar sito, aka fara da shi, ya tafi gida. Faki ya laɓe bayan masallaci har ya ga ƙeyar wansa, sannan ya fito ya tsaya a bakin ƙofar nan, aka ƙare da shi. Ba su haɗu ba. Ni shaida ne, liman shaida ne.

To, jama'a, ga su nan a hoto kafaɗa da kafaɗa! Mutum biyu, hannu uku, na tsakiya riƙe da reshe ɗaya. Na tambayi Zuwena, ta ce, "Baba, da'ira ce, ƙarshenta na komawa farkonta. Manhaja ta ga ƙofa ɗaya da fararen riguna biyu, sai ta ɗinke." Na ce, "'Yata, ƙarya ta yi ke nan?" Ta ce, "A'a, kowa yana inda ya tsaya." Na ce, "Gaskiya ta faɗa ke nan?" Ta ce, "Baba, sha shayinka." Har baiti na yi:

Na ga abin da bai faru ba, ga shi a bango,
Idona ya ce i, hankalina ya ce a'a.

Na uku, kuma shi ne nauyin da ke kanmu. Shaame da Faki dukansu sun rantse za su bar ƙungiya idan aka rataye hoton haka. Aka ce a yanka tsakaninsu, amma duk inda almakashi ya bi, ɗaya zai rasa hannu. Sai suka zo gidana a tantance mai shi. Shaame ya ce, "Nawa ne, dubi tabon adda." Faki ya ce, "Haba Yaya, yaushe rabonka da farce mai tsabta haka?" Shaame ya ce, "Rufe mini baki, ni na yi maka wanka kana tsumma!" Aka kawo shinkafa da kifi a faranti ɗaya, suna musu suna ci. Washegari suka dawo. Jiya ma tare suka zo, a babur ɗaya, suna zagin manhaja.

Yanzu Zuwena ta ce ta gano gyaran, za ta mayar wa kowa hannunsa, a raba su sarai. Ni kuwa na rasa wanne ne ɓarna, wanne ne gyara. Ga su can a benci ɗaya suna hararata. Roƙona ga wannan majalisa shi ne a rataye hoton yadda yake har sai an gano mai hannun. Ke kuma Zuwena, na san aiki ya yi miki yawa a Unguja. Don Allah kada ki yi sauri.

Allah Ya albarkaci bishiyoyinmu, Ya kawo ruwa a kan lokaci, Ya mai da kowa gida lafiya, Ya kuma jinkirta wannan bincike. Shaame, Faki, ku taso ku ja zanen, kowa da hannun da ya tabbata nasa ne.

Na gode.