Ranar da Na Waiwaya a Bakin Rafi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, manya da yara, har da ku matan can baya masu jijjiga goyo. Ku bar su su yi kukansu, ni kukan yaro ba ya hana ni magana. Malam ya ce in taƙaita. Na ce to, amma tunda tsohuwa ya ba dama, sai ya yi haƙuri.

Abin da zan faɗa muku ya daɗe. Tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba, balle a yi zancen jirgin ƙasa a Funtua. Ina da aure a wata unguwar Maguzawa tsakanin Tsiga da Malumfashi. Gidan noma ne, gidan tsafi ne kuma. Muna yanka jan zakara, muna zuba giya a gindin tsamiya. Ban zo in ɓoye muku ba, da hannuna na yi.

Haihuwata ta fari namiji ne, ya zo ana tsakiyar noma. Kun dai san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zancensa a gaban mutane. In yana kuka sai an ce, "Ke, ɗauke shi mana!" sannan ki ɗauka kina ɓata rai. Ni kuwa na fi kowa iya wannan kunyar. Har yabona ake yi a unguwa, wai yarinyar nan ta san ya kamata.

Yaro ya yi wata uku wuyansa bai tsaya ba. Iya, uwar mijina, ta ce ba komai, maza sun saba nawa. Da ya ƙara kwana biyu ta tona ɗan rami a tsakar gida, ta kewaye da tsumma, ta zaunar da shi yadda ake koya wa yara zama. Tana sakin hannu ya tafi luu, ya kife. Gobe haka, jibi haka.

Damina ta zagayo. Sa'o'insa suna rarrafe suna cusa ƙasa a baki, wasu har sun dafa bango sun miƙe. Nawa sai an tokare shi ta ko'ina kafin ya zauna. Ga kai babba, ga jiki ba ƙwari. Amma a sa shi a ruwan wanka, nan za ku ji dariya, yana bugun ruwa da hannu bibbiyu. Wannan dariyar ce ta ja mana.

Aka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya, wai ɗan ruwa ne. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, Allah kada ya sa ku sani. A da, in yaro ya ƙi zama ya ƙi rarrafe, sai a ce ba mutum ba ne, mutanen ruwa ne suka shiga cikin uwarsa ranar da ta je rafi. Maganin abin a mayar musu da kayansu. A ajiye shi a bakin ruwa, a juya baya, wai shi kuma sai ya rikiɗa maciji ya sulale gidansu.

To, ga inda laifina yake, ku saurara da kyau.

Ina da 'yar gayauna can ƙarshen gonar gidan. In dawa ta yi tsawo ba mai hango ni. Nan nake kwance goyo in shimfiɗa shi a kan zanena. Nan nake kallonsa son raina. Na ga ranar da ya fara damƙe yatsana ya ƙi saki. Na ga ranar da ya bi fara da ido har ta ɓace. Wata rana ina cirar ciyawa, na ɗago, sai na tarar ya mirgina da kansa ya koma rub da ciki, ya ɗaga wannan ƙaton kan nasa yana nishi. Wayyo, daɗi! Na yar da fartanya na yi rawa ni kaɗai a cikin dawa kamar mahaukaciya.

Da na koma gida fa? Shiru. Ko mijina ban gaya wa ba. Yaya za a yi a ji ni ina yabon ɗan fari?

Bayan an yanke dawa, Baba, uban mijina, ya kira wata tsohuwa mai bori daga unguwar gaba. Ta ɗaga ƙafar yaron ta saki, ta faɗi yaraf. Ta leƙa idonsa. Ta ce, "Wannan ba naku ba ne. In kuka riƙe shi, sai ya shanye gidan nan."

Baba mutum ne mai tsoron alhaki. Ya dubi jama'ar gidan ya ce, "Kafin a yi abin da ba a mayarwa, akwai wanda ya taɓa ganin yaron nan ya yi wani yunƙuri da kansa?"

Mijina ya zuba mini ido. Ni kuma na zuba wa ƙasa.

Baba ya sake tambaya. 'Yan'uwa, sau biyu! Ni kuwa na san amsar sarai. Amma ga surukai zaune, ga mata sun yi cirko-cirko, na ce in na buɗe baki za a ce ba ni da kunya. Na zaɓi a ce ina da kunya a kan ran ɗana. Haka na yi. Ba wanda ya rufe mini baki, ni na rufe abina.

Washegari da hantsi muka fita mu uku, ni da Iya da mai borin. Mijina ya saɓi gatari ya shiga daji tun da sassafe, ya ce ba zai iya gani ba. Ni na goya yaron. Duk hanyar nan yana wasa da bakin zanena, ina jin numfashinsa a bayana.

A bakin rafi mai bori ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan yashi, ta ajiye 'yar ƙwaryar fura. Ta ce in sauke shi. Na sauke. Ta ce, "Ku juya. Duk abin da kuka ji, kada wadda ta waiwaya. Wadda ta ga rikiɗarsa ba za ta sake yin hankali ba."

Muka kama hanya. Iya ta riƙe mini hannu gam. Yaron bai yi kuka ba. Da ma ya yi kuka! Sai wannan 'yar ƙarar da yake yi in ya ga na matsa daga inda yake a gona, "eh, eh," kamar mai tambaya.

Mu a lokacin mun san akwai Allah, amma an ce mana yana nesa, ba ruwansa da irinmu, sai dai mu lallaɓa iskoki. Ban taɓa yi masa magana ba. Ranar nan, ƙafafuna suna tafiya, na ce a zuciyata, "Allah, in kana ji, ban san yadda ake gaishe ka ba. Ba ni da zakara, ba ni da akuya. Ɗana ne. Na gan shi ya mirgina, kai ma ka gani. Ka taimake ni."

Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba, kada in ƙara muku gishiri. Tsoron ne kawai ya sauka daga ƙirjina, kamar an sauke mini tulu. Na fizge hannuna na waiwaya. Na buɗe baki na kira sunan da ban taɓa kira ba tun da na haife shi.

"Nomau!"

Ya riga ya mirgina daga kan ƙyallen. Da ya ji muryata sai ya kafa gwiwar hannu a yashi ya ja jikinsa. Ya huta. Ya sake ja.

Mai bori ta waiga ta ƙwalla ƙara. "Kun gani! Jan ciki yake, ya fara rikiɗa! Ku gudu!"

Iya ba ta gudu ba. Ta tsaya tana kallo. Can ta ce, "A'a. Ruwa yana bayansa. Wurin uwarsa ya nufa."

Ban jira sauran ba. Na ruga na sure shi, yashi duk a bakinsa, ina kuka ina kiran sunan nan ba ƙaƙƙautawa. Kunya? Ta bi rafi!

Kada ku ɗauka washegari ya tashi da gudu. Ina! Mun sha wuya. Wata guda wasu matan gidan ba su ci tuwon da na tuƙa ba. Amma daga ranar na daina ɓoyo. A tsakar gida nake ajiye shi, in durƙusa a gabansa ina tafa hannu, ana dariya ana cewa na lalace. In ya matsa taki ɗaya sai na shelanta wa gida duka. Kafin bazara ya yi rarrafe sosai. Daga nan ya kama turmi ya miƙe, ya faɗi, ya fasa leɓe, ya sake kamawa.

Sai a damina ta uku ya taka. Iya tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ya saki turmi ya yi taku uku, ta-ta-ta, ya faɗa a cinyarta. Gida ya ɗauki guɗa. Iya ta rungume shi, ta miƙa mini, ta tashi ta zagaya bayan rumbu.

Da ta daɗe sai na bi ta. Na same ta a durƙushe ta toshe baki da zane. Na ce, "Iya, lafiya? Yau ai ranar murna ce."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Tawa mace ce. Kafin in haifi mijinki. A wannan rafin." Ta share ido ta ce, "Ni ban waiwaya ba."

Na zauna a ƙasa kusa da ita.

Sai da na yi furfura bishara ta iso gare mu, sannan na ji sunan wanda ya amsa mini a bakin rafin nan. Na kira shi ban san shi ba, bai ce sai na koyi gaisuwa tukuna ba. Halleluya! Ɗan nawa kuwa ga shi can bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, wai na kunyata shi a gaban jikokinsa.

Ku masu goyo, wani yaron da sauri yake zuwa, wani a hankali. Ki dogara ga Ubangiji, ki jira. In kin ga ya motsa ko da yatsa ne, ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Iya ta rasu ba ta ji sunan Yesu ba, na bar ta a hannun mai jinƙai, ita da 'yarta. Ni dai na gode masa da ya juyo da wuyana ranar nan. Ku taya ni cewa Amin.